Gas, gawayi da lantarki a lokacin hunturu: Bayani kan sarrafa kayan gida da gano matsalolinsu a Potiskum

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar watan Maris, iskar hunturu kan taso daga hamadar Sahara ta sauka a jihar Yobe da sanyi da hazo. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi yake fitowa. Potiskum ce garin da ake dangantawa da sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Najeriya, wato digiri 2.8 a ma'aunin Salshiyas. A Dogo Nini, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar, kamar sauran unguwannin garin, wannan ne lokacin da ake rufe tagogi, a toshe kafofi da tsumma, a shigar da kaskon wuta ɗaki, a ɗora ruwan alwala da na wanka tun kafin asuba. Shi ne kuma lokacin da kayan girki da na ɗumama suka fi shan aiki, suka fi lalacewa, suka kuma fi jawo asarar rai da dukiya.

Yawancin matsalolin waɗannan kaya suna komawa ga abu biyu. Duk abin da ke ci da wuta, ko gas ne ko gawayi ko kananzir ko fetur, yana buƙatar iska mai shiga da fita. Duk abin da ke aiki da lantarki kuma yana buƙatar wuta daidai da ƙarfinsa. Hunturu na taɓa duka biyun: sanyi na sa mutane su hana iska shiga ɗaki, ƙura na toshe kafofin na'urori, sannan kowa ya jona abin ɗumama ruwa a lokaci guda, nauyi ya yi wa wayoyi yawa. Wanda ya riƙe waɗannan dalilai zai iya gane yawancin abin da ke damun kayan gidansa, ya kuma san inda ya kamata ya cire hannu ya kira mai gyara.

Halin gas ɗin girki

Gas ɗin da ake ɗurawa a tukunya haɗi ne na sinadarai biyu, furofen da buten, waɗanda ake matsawa har su zama ruwa. Idan aka buɗe kan tukunyar, ruwan sai ya koma iska, ya ninka girmansa kusan sau 250. Wannan ne ya sa ɗan yoyo kaɗan yake iya cika ɗakin girki. A asalinsa ba shi da wari. Warin da ake ji wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan domin hanci ya gane idan yana zuba. Ya kuma fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya fice ta taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwantawa, ya taru a ƙarƙashin tebur da lungun ɗaki da bakin magudanar ruwa. Da zarar ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsin makunnin fitila ma ya isa ya tayar da gobara.

Ba a cika tukunyar gas har wuya. Ƙa'ida ita ce a bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikinta fanko, domin ruwan gas na kumbura idan ya ji zafi. Tukunyar da aka cika ta wuce kima a sanyin Janairu tana iya zama haɗari idan ta kai watan Afrilu, lokacin da zafin Potiskum ke haura digiri 40. Mai saye da ke roƙon mai ɗura gas ya ƙara masa kaɗan a kan kilo 12.5 ba gyara yake nema wa kansa ba. Ana buga nauyin tukunya fanko a jikin marikinta, don haka sikeli ya isa ya nuna ko an ɗura daidai: nauyin fanko a haɗa da kilon da aka biya.

A wurin ne kuma ake buga shekarar ƙira. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5. Tukunyar da gindinta ya yi tsatsa, ko ta lotsa, ko aka taɓa yi mata walda, ta gama aiki ko da shekarunta ba su cika ba. Wuraren sayar da gas kuwa suna ƙarƙashin hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta shekarar 2021 ta kafa, kuma ita ke ba su lasisi.

Akwai wani hali na gas da ke rikita masu girki a hunturu. Buten ba ya komawa iska da kyau idan sanyi ya kusa digiri sifili, alhali furofen na ci gaba da tashi har ƙasa da digiri 40 a ƙarƙashin sifili. Idan tukunya ta kwana a tsakar gida cikin sanyi, kuma gas ɗin cikinta ya fi yawan buten ko ya kusa ƙarewa, wutar kan yi rauni da asuba, ta dawo daidai idan rana ta ɗaga. Wannan ba lalacewa ba ce. Kuskuren da ake yi shi ne a kwantar da tukunyar, ko a jijjiga ta, ko a matsa ta kusa da murhu don ta ji ɗumi. Kwantar da ita na iya tura ruwan gas cikin tiyo, wuta ta yi tsalle sama da tukunyar abinci. A bar ta a tsaye, a inuwa, a wurin da iska ke wucewa. Raɓa ko farin ƙanƙara da ake gani a jikinta yayin dogon girki alama ce ta cewa ana jan gas da yawa, kuma iyakar raɓar kan nuna inda ruwan gas ya tsaya a ciki.

Regileta da tiyo

Tsakanin tukunya da murhu akwai abubuwa uku masu araha, waɗanda kuma daga gare su yawancin yoyo yake farawa: regileta, wato kan da ke rage ƙarfin gas kafin ya fita, tiyo, da 'yar robar da ke cikin bakin tukunya. Busasshiyar iskar hunturu da zafin bazara na sa roba ta bushe ta tsattsage, ɓeraye kuma na gaigayar tiyo. Gwajinsa mai sauƙi ne: a lanƙwasa shi, idan ƙananan tsaga suka bayyana, ko ya yi tauri kamar itace, a sauya shi. Tiyon ruwa ba ya maye gurbin na gas, domin gas na cinye irin robarsa. Bakinsa biyu kuma a ɗaure su da maɗaurin ƙarfe mai kusa, maimakon igiyar roba ko waya.

Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura wa kan murhu kai tsaye, ta yaɗu a gidajen haya da wurin masu shayi da ɗalibai. Ba ta da tiyo, amma duk lokacin da aka je ɗuri sai an kwance kan an mayar, kuma a nan robar ke lalacewa ko zaren kusar ya goce. Ba a ɗora mata babbar tukunya, saboda faɗin gindin tukunyar na mayar da zafi ƙasa zuwa kan gas ɗin, ga kuma sauƙin kifewa.

Ana neman yoyo da ruwan sabulu. A kaɗa shi ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya da regileta da mahaɗan tiyo, a buɗe gas ba tare da kunna wuta ba. Inda kumfa ke tasowa yana girma, nan ne yake zuba. Gwaji da ashana ya ƙona mutane da yawa. Idan kuwa aka shiga ɗaki aka tarar da wari ya riga ya cika shi, a fara rufe regileta, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko don kunnawa ko don kashewa, kada a kunna fanka da niyyar korar warin, kada a tayar da janareta a kusa. Idan yoyon daga bakin tukunyar kansa ne kuma ya ƙi tsayawa, a fitar da ita fili nesa da wuta, a gargaɗi maƙwabta masu girki, a nemi jami'an kashe gobara. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Tsarin kunnawa shi ma yana da muhimmanci: a kyasta ashana tukuna, sannan a murɗa makunnin murhu. In an gama girkin dare, a rufe daga regileta, a bar gas ɗin da ke cikin tiyo ya ƙone, sannan a kashe murhun.

Abin da launin wuta ke faɗi

Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, gajera, mai tsayuwa wuri ɗaya. Idan ta koma rawaya, ta yi tsawo tana lilo, tana baƙanta gindin tukunya, to iska ba ta isar ta. A hunturu yawanci ƙura ce ta toshe kafofin kan murhu ko mashigar iska da ke ƙarƙashinsa, wani lokaci kuma miya ce ta zuba ta bushe, ko gizo-gizo ya yi saƙa a bututun. A kashe gas, a bari ya huce, a cire kan a wanke shi, a goge kafofin da tsohon buroshin haƙori, a shanya shi ya bushe sarai kafin a mayar. Ƙaramar kafar da gas ke fitowa ta cikinta ana share ta da siririyar waya a hankali. Masu faɗaɗa ta da allura ko ƙusa don wuta ta ƙara ƙarfi suna ɓata ma'aunin gas da iska, kuma wutar ba za ta ƙara yin shuɗi ba.

Ƙurar da ke yawo a iska kan sa a ga ɗigo-ɗigon ja a cikin shuɗiyar wuta. Wannan ba matsala ba ne. Idan wuta na tashi daga kan murhu tana huci, gas ya yi ƙarfi da yawa, kuma galibi regileta ce ta lalace. Ba a kwance regileta a gyara, sabuwa ake saye. Idan makunni mai kyasta kansa yana ƙara amma ba ya kamawa, a duba ko bakinsa ya jiƙe ko maiƙo ya rufe shi, ko kuma batirinsa ya mutu in mai batir ne.

Na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas

Wannan na'ura ba ta kai kaskon gawayi yawa a gidajen Potiskum ba, amma ana samun ta, kuma masu kiwon kaji na amfani da wani nau'inta wajen ɗumama 'yan tsaki a makonninsu na farko. Wadda ake sa wa a ɗaki akwati ce mai tayoyi, tukunyar gas na zaune a bayanta, a gabanta kuma akwai faranti uku na tangaran da ke yin ja idan sun yi zafi. Mai cikakken ƙarfi kan kai kilowat 4.2, tana cin kusan giram 300 na gas a awa ɗaya, wato tukunya mai kilo 12.5 za ta yi kimanin awa 40 idan an buɗe ta gaba ɗaya. Faranti ɗaya ya ishi matsakaicin ɗaki.

Ana kunna ta ne ta hanyar buɗe regileta, a danna makunnin gas a riƙe shi, a kyasta har ƙaramar wutar farko ta kama, sannan a ci gaba da riƙe makunnin na daƙiƙa 10 zuwa 20. Wannan riƙon ne mutane da yawa ba su san dalilinsa ba. A gefen ƙaramar wutar akwai wani siririn ƙarfe mai jin zafi. Sai ya yi zafi yake samar da 'yar wutar lantarki da ke riƙe hanyar gas a buɗe. Idan wutar ta mutu, ƙarfen ya huce, hanyar ta rufe da kanta. Saboda haka idan na'ura tana kamawa amma tana mutuwa da zarar an saki makunni, abu uku ake dubawa: ko ba a riƙe shi sosai ba, ko ƙura ta raunana ƙaramar wutar har ba ta taɓa ƙarfen, ko ƙarfen kansa ya mutu. Na biyun ana gyara shi da hura iska a kafar bayan an rufe gas. Na ukun aikin mai gyara ne. Idan an sauya tukunya, iska kan shiga tiyo, don haka kunnawar farko kan ɗan jima.

Na'urori masu inganci suna da wani tsaro na biyu. Iskar oksijin da ake shaƙa kashi 21 ce cikin 100 na iskar duniya. An ƙera ƙaramar wutar ta yadda idan oksijin ɗin ɗaki ya sauka zuwa kusan kashi 18, za ta janye daga ƙarfen mai jin zafi, na'urar ta kashe kanta. Don haka na'urar da ta yi rabin awa tana aiki a rufaffen ɗaki sannan ta mutu, ta sake yin haka bayan an kunna ta, tana sanar da cewa iskar ɗakin ta ragu. Maganin shi ne buɗe taga. Mafi munin abin da ake yi wa irin wannan na'ura shi ne a tokare makunnin da tsinke ko a ɗaure shi da waya don kada ta ƙara mutuwa, domin hakan ya cire tsaron biyu a lokaci guda. Mai gyaran da ya ba da wannan shawara bai cancanci a koma wurinsa ba.

Kilo ɗaya na gas na buƙatar kimanin kilo 15 na iska kafin ya ƙone sarai, kuma yana fitar da fiye da kilo ɗaya da rabi na tururin ruwa. Shi ya sa gilashin taga da rufin kwano ke yin gumi idan na'urar ta daɗe tana aiki. Tunda ba ta da bututun fitar da hayaƙi, duk abin da ta ƙona a ɗakin yake zama. Ba a kwana da ita a kunne, ba a sa ta a banɗaki. A bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakaninta da labule, katifa da gidan sauro, kuma kada a shanya mata kayan jarirai a kai. Haka na'urar ɗumama ruwan wanka mai gas: a waje ake kafa ta, ko a yi mata bututun da zai fitar da hayaƙinta. Kunna murhun girki a bar shi yana ci don ɗaki ya yi ɗumi ya fi duk waɗannan haɗari, tunda murhu na yau da kullum ba shi da ko ɗaya daga cikin matakan tsaron.

Gubar da hanci ba ya ji

Idan wuta ta rasa isasshiyar iska, takan fitar da kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin fiye da yadda oksijin ke manne masa sau 200 ko fiye, don haka kaɗan daga cikinta ya isa ya hana ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda ake iya ɗauka zazzaɓi ne ko mura. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga ciki. Abin lura shi ne idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kuma suka ji sauƙi bayan sun fita tsakar gida.

Gawayi ya fi gas fitar da ita nesa ba kusa ba. Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa idan garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to an tsira, sai a shigar da kasko ɗaki a rufe ƙofa. Jan garwashi marar hayaƙi na ci gaba da fitar da wannan guba har ya zama toka. Ɗakunan mai jego da na tsofaffi, inda aka fi son ɗumi kuma aka fi toshe kafofi, su ne suka fi shiga haɗari, jarirai da masu juna biyu kuma sun fi saurin jikkata. Idan za a ji ɗumin kasko, a yi shi a rumfa ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, a fitar da shi kafin a kwanta. Sau da yawa idan aka wayi gari aka tarar da iyali a sume, zargi kan tafi ga abincin dare ko sammu ko iskokai, alhali kasko ko janareta na nan a gefe.

Wanda aka samu a wannan hali a fitar da shi fili nan take, mai ceton kuma kada ya daɗe a ɗakin. A kwantar da shi a gefensa idan yana numfashi, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin oksijin ne maganin, kuma illar kan iya bayyana daga baya. Ɗura masa madara ko manja ba ya fitar da gubar, kuma yana iya shaƙe wanda bai dawo hayyacinsa ba. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke yin ƙara idan wannan iska ta taru, kuma ta dace da duk ɗakin da ake kunna wuta a cikinsa.

Ƙunar wuta kuwa ruwa mai sanyi ake zuba mata na tsawon minti 20. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da baƙin mai duk suna ƙara ɓata ciwon. Idan man girki ya kama a tukunya, a kashe murhu a rufe ta da murfi. Zuba masa ruwa na watsa wutar.

Kayan lantarki da wutar da ba ta da tabbas

Kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola, YEDC, shi ke ba jihohin Yobe, Borno, Adamawa da Taraba wuta. Ma'aunin wutar gida a Najeriya folt 230 ne, amma a unguwannin da gidaje da yawa ke kan taransifoma ɗaya takan sauka ƙasa da haka sosai, musamman da yamma da asuba. Mutane sun fi tsoron wuta mai ƙarfi, amma marar ƙarfi ita ke kashe firji da injin jan ruwa, domin injin da bai samu isasshen ƙarfi ba yana ta ƙoƙarin juyawa yana jan wuta fiye da kima har wayoyinsa su ƙone. Firjin da ke yin gunji na ɗan lokaci, ya yi ƙara kamar an danna makunni, ya yi shiru, ya sake maimaitawa, yana cikin wannan hali. A zare shi har wuta ta daidaita. Idan yana yin haka da cikakkiyar wuta, to 'yar na'urar tayar da kwamfiresa ce ko kwamfiresar kanta, kuma aikin mai gyaran firji ne.

Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, firji na buƙatar minti 3 zuwa 5 kafin a sake kunna shi, don matsin iskar cikinsa ya daidaita. Yawancin sitabilaiza na da maɓallin jinkiri saboda wannan, kuma bai kamata a kashe shi ba. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi na kusan awa 4 bayan ɗauke wuta, cikakkiyar firiza kuma har kwana biyu, ko da yake zafin bazara na rage wannan. Idan sanyi ya ragu alhali injin na aiki, kafin a yarda da cewa iskarsa ta ƙare, a duba abu biyu. A share ƙurar da ta lulluɓe bututun bayansa, a kuma janye shi daga bango. Sannan a maƙale takarda a ƙofar a rufe, idan ta zare cikin sauƙi, robar ƙofar ta saki. Iskar firji ba ta ƙarewa sai in akwai huda, kuma hudar yawanci daga wuƙar da ake fasa ƙanƙara da ita take. Firji na zamani da yawa na amfani da iskar R600a, wadda ke kama wuta.

Kayan da ke samar da zafi su ne suka fi cin wuta. Dutsen guga, butar lantarki da hitar ɗaki kowanne kan ci wat 1,000 zuwa 2,000 ko fiye. Soket mai baki uku an yi shi ne don amfiya 13, wato kusan wat 3,000 gaba ɗaya. Jona biyu daga cikinsu a kan soket mai doguwar waya, wanda sau da yawa siririyar waya ce a cikinsa, na iya wuce abin da zai ɗauka. Filogin da ya yi zafi, ko ya yi baƙi, ko ake jin warin ƙonewar roba daga gare shi, yana gab da kamawa. Fis da ya ƙone ya yi aikinsa ne. Maye gurbinsa da wayar tagulla ko takardar sigari yana mayar da wayoyin bango su zama su ne za su ƙone. Ga masu mitar kati, lissafin a fili yake: hita mai wat 2,000 na cin yunit 2 a kowace awa.

Hitar da ake tsomawa a bokiti ta cancanci kulawa ta musamman, domin ita ce ta fi yawa a gidaje a hunturu, ita ce kuma ta haɗa ruwa da lantarki a wuri guda. A tsoma ta kafin a jona, a zare filogi kafin a taɓa ruwan ko a cire ta, kada a gwada zafin ruwa da yatsa tana jone. Idan aka ɗauke wuta tana ciki, a zare ta nan take. An sha barin ta a jone a fita, wuta ta dawo, ruwan ya ƙafe, bokitin roba ya narke ya kama. Wanda wuta ta ja ba a kama shi da hannu, sai a kashe babban makunni ko a ture wayar da busasshen itace.

Busasshiyar iskar hunturu na sa a ji ɗan ja sau ɗaya idan an taɓa ƙarfe ko bargo, wani lokaci har da tartsatsi a duhu. Wannan ba daga wayarin gida yake ba, kuma ba ya cutarwa. Jan da ke ci gaba muddin hannu na kan firji ko injin wanki shi ne na haɗari, yana nuna wuta na zuba a jikin na'urar kuma wayar ƙasa ba ta aiki. Fankar da ke gunji ba ta juyawa sai an tura ta da hannu kuwa kafasitarta ce ta mutu, kuma sauya ta ba shi da tsada.

Janareta na fitar da kabon monoksaid mai yawan gaske, kuma tsoron ɓarayi na sa a shigar da shi zaure ko baranda ko ƙarƙashin taga da dare. Hukumomin lafiya na Amurka sun ba da shawarar a ajiye shi aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon waje. Ba a ƙara masa fetur yana aiki ko yana da zafi. Haɗa shi da wayarin gida ba tare da makunnin sauya layi ba na iya mayar da wuta kan layin unguwa ta kashe ma'aikacin da ke kan turke. A hunturu matatar iskarsa kan toshe da wuri, alamar haka kuwa baƙin hayaƙi ne da yawan shan mai. Farantan sola su ma ƙura na rage musu ƙarfi, sai a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce. Ƙaramin inbata na gida an tsara shi ne don fitilu, fanka, talabijin da cajin waya. Hita ko dutsen guga na iya zuƙe batirinsa cikin ƙasa da awa ɗaya, ko su sa ya kashe kansa tun a jonawar farko.